Da Za A Ba Ka Layar Zana

Kwanakin baya aikinmu na duba makarantu ya kai mu wata makarantar kwana da ke bayan gari. Ba za mu faɗi sunanta ba, gama abin da ya faru a can yana iya faruwa a kowace makaranta. Bayan mun gama duba littattafan malamai da ɗakunan kwanan yara, sai hedimasta ya roƙe mu mu yi wa 'yan aji na ƙarshe gargaɗi, tun da ya ke jarrabawarsu ta fita ta matso. Muka shiga, muka yi musu irin jawabin da aka saba: ku dage da karatu, ku guji satar amsa, gaskiya dokin ƙarfe ce, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yara suka yi tsit, irin shirun nan na ladabi wanda mai magana ba ya sanin ko ana jinsa ko ba a ji. Da muka ce ko akwai mai tambaya, sai wani yaro siriri ya miƙe daga bencin baya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da wa. Shekarar da suka yi jarrabawa an kawo musu amsa har cikin ɗaki, kowa ya kwafa, shi ya ƙi. Ya faɗi lissafi. Yanzu acaɓa ya ke yi a gari. Abokinsa da suka zauna benci ɗaya ya kwafa, ya ci, ya wuce gaba. Yau yana ofis, yana da mota, in ya shigo unguwa dattawa su kan miƙe su ba shi hannu. Ba wanda ya kama shi, ba kuwa wanda zai kama shi. To, ranka ya daɗe, cikin su biyu wa ya ci riba?"

Hedimasta ya galla masa harara. Mu kuwa muka yi gyaran murya, muka ce, "Ɗana, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya." Yaro ya rusuna ya ce ya gode, ya zauna. Amma duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya san fuskar yaron da ya gamsu, ya kuma san fuskar wanda ya yi shiru don girman mai magana. Tun daga ranan nan mun san yaron nan yana bin mu bashin amsa, shi ne mu ke so mu rage a wannan fili.

Tambayarsa ba sabuwa ba ce. An yi ta a birnin Atina na ƙasar Girka fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Akwai wani masani da Larabawa ke kira Aflatun, Turawa kuwa su ce Plato, almajirin Sukurat ne. A cikin babban littafinsa na maganar adalci da tsarin mulki ya sa ɗan'uwansa Gulokon ya ba Sukurat wani labari, ga yadda ya ke a taƙaice.

Wai an yi wani makiyayi mai kiwon tumakin Sarkin Lidiya, wata ƙasa da ke yammacin Turkiyya ta yanzu. Wata rana aka yi ruwa mai ƙarfi da girgizar ƙasa, ƙasa ta tsage a wurin da ya ke kiwo. Ya leƙa, ya sauka, ya tarad da wani doki na tagulla, cikinsa rami ne, da 'yan ƙofofi. A ciki ga gawar wani ƙato, ba kome a jikinta sai zoben zinariya. Ya zare zobe ya sa a yatsa ya fito. Ran da makiyaya suka taru don lissafin dabbobi da su kan aika wa sarki kowane wata, yana zaune yana wasa da zobe, sai ya juya kansa wajen tafin hannu. Nan da nan ya ji abokansa suna maganarsa kamar ba ya nan. Ya juyo da shi waje, suka gan shi. Da ya tabbata abin da ya samu ke nan, sai ya yi dabara aka sa shi cikin masu kai saƙo fada. Ya je ya lalata matar sarki, suka haɗa baki suka kashe sarki, ya haye gado.

Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan zobe. Layar zana ke nan, wadda mu ke ji tun muna yara wai ɓarayi da mayaƙa su kan ɗaura su ɓace wa ido. Ba mu taɓa ganin wanda ya ɓace ba, amma wannan ba shi ne abin dubawa ba. Abin da Gulokon ya ce shi ne: a samo irin zoben nan guda biyu, a ba mutumin kirki ɗaya, a ba mugu ɗaya, a sake su a kasuwa. A ganinsa ba za a daɗe ba za a iske su a hanya ɗaya, gama mutane ba don son gaskiya su ke yin gaskiya ba, don tsoron kamu ne da son a yabe su. Ya ƙara da wani gwaji wanda ya fi wannan tsanani. Ya ce a ɗauki azzalumin da duniya ke yi wa kallon adali, ya rayu cikin daula har ya mutu da girmansa. A ɗauki adalin da duniya ke yi wa kallon azzalumi, a yi masa bulala, a ɗaure shi, a kashe shi a wulakance. Sa'an nan a gaya masa wanda ya fi dacewa. Jama'a, in an cire tumaki da dokin tagulla, ai tambayar yaron nan ce tsaf.

Mu duba kanmu kaɗan. Tarbiyyarmu ta gargajiya, mai kyau ce ƙwarai, amma ginshiƙinta babba kunya ne. Wani Bature mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya buga wata maƙala a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya lissafta halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Ya yi daidai. Sai dai kunya tana da wani sharaɗi, watau ido. Kakanninmu ma sun san haka, shi ya sa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. A ƙauye, inda kowa ya san uban kowa, da wuya mutum ya tauye mudu, don kafin la'asar labari ya kai gidan surukansa. To, ka ɗauke wannan mutum ka kai shi birnin da ba wanda ya san shi, ka ba shi tebur da alƙalami da hatimi, ka ce dubban mutanen da bai taɓa gani ba haƙƙinsu yana cikin fayil ɗin da ke gabansa. Ai ka ɗaura masa layar zana. Akawun da ke ƙara sifiri ɗaya a takardar biya, da ɗan kwangilar da ke rage siminti a harsashen da ƙasa za ta rufe, da malamin da ke rubuta sakamakon takardun da bai duba ba, da saurayin da ke ɓoye sunansa a intanet yana cin mutuncin bayin Allah daga wayar hannu, duk zoben makiyayin nan ne a yatsunsu. A da, sai a tatsuniya a ke samun layar. A zamanin nan kusan kowane ma'aikaci ana ba shi tasa ran da ya kama aiki.

Saboda haka karin maganar da muka ba yaron nan ba ta biya ba, dole mu yarda. Rana ɗaya ta mai kaya ta kan zo, amma ba kullum ta ke iske ɓarawo da rai ba. Labarin zobe an rataya shi ne ga sunan wani sarki da aka yi na gaske a Lidiya, ana ce da shi Gijes, wanda ya kashe ubangidansa ya ƙwace sarauta. Marubucin tarihin Girkawa, Hirodotus, ya ce Gijes ya yi shekara 38 a kan gado, 'ya'yansa da jikokinsa suka gada, ba a karɓe mulkin ba sai a hannun sarki na biyar, Kurisos, wanda Sarkin Farisa ya ci da yaƙi wajen shekara ta 546 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Kurisos ɗin nan shi ne wanda aka ce ya nuna wa wani mai hikima taskokinsa yana so a ce ya fi kowa sa'a, mai hikima ya ƙi, ya ce sai an ga ƙarshe; mu ma ai mun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To, amma sakayyar da ta tsallake mai laifi ta faɗa kan tattaɓa-kunnensa, wane yaro ɗan shekara goma sha bakwai za ta hana kwafar amsa? In muka yi wa yara alkawarin gaskiya za ta kawo musu mota, ƙarya ta gaji wa mai ita talauci, za su fita su ga ba haka duniya ta ke ba. Daga nan sai su haɗa gaskiyar da alkawarin su zubar gaba ɗaya.

Wani zai ce, a tsananta horo mana. An gwada. A 1977 takardun jarrabawar fita sakandare sun yi yoyo a ƙasar nan har aka kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 aka sake wata. Duk malamin da ya tsare ɗakin jarrabawa bayan waɗannan dokoki ya san ko abin ya mutu ko yana nan da ransa. Doka ido ce, ita ma. Tana da amfani, ba ma raina ta, amma mai laya ai ido ya ke gudu, ya kuwa san hanya.

Wani kuma zai ce, a ƙara wa'azi a makaranta. A nan akwai wani bincike da ya kamata kowane malami ya ji. A Amurka, wasu masana biyu, Hartshorne da May, sun gwada yara 'yan makaranta wajen 10,000, suka fara buga sakamako a 1928. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce su ba da jarrabawa, su karɓi takardu su kwafe amsoshin a ɓoye, sa'an nan su mayar wa yara su ce kowa ya duba tasa da kansa. Da haka a ke gane wanda ya gyara amsa. Abin da suka samu bai yi wa malamai daɗi ba. Yaron da ya iya zayyano dokokin hali na gari, da wanda bai iya ba, ba su da wani bambanci mai yawa wajen maguɗi. Yaro ɗaya ya kan yi maguɗi a wannan wuri ya ƙi a wancan. Abin da ya fi tasiri kuwa, har da irin ajin da yaro ya ke ciki da halin abokan zamansa.

Mu Musulmi, da 'yan'uwanmu Kirista, mun san babu layar da ke ɓoye bawa ga Mahaliccinsa, mun san kuma akwai ranar hisabi. Wannan ita ce amsa ta asali, ba mu da wadda ta fi ta. Amma yaron nan ya san ta tun yana makarantar allo. Abokin wansa ma ya san ta, watakila ma yana sahun gaba a masallaci. Ashe sanin abu a ka daban, zamansa a zuciya har ya riƙe hannun mutum daban. Yadda a ke ƙetarawa daga wancan zuwa wannan shi ne aikin da ya gagari yawancinmu.

To, me Sukurat ya amsa wa Gulokon? Bai ce za a kama mai zobe ba. Ya bar masa zobensa da gadonsa da dukiyarsa, ya ce mu leƙa cikin mutumin. Ran ɗan Adam, in ji shi, kashi uku ne: hankali, da zafin zuciya, da sha'awa. Mutumin kirki shi ne wanda hankalinsa ke riƙe da linzami. Mai zobe kuwa, tun da babu abin da ke tsai da shi daga waje, sha'awarsa ce ta zama ubangidansa. Yau ta ce wannan, gobe ta ce wancan, ba ta ƙoshi, ba shi kuwa da aminin da zai buɗe wa cikinsa. Sukurat da kansa bai tsaya ga faɗa ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Atina suka yanke masa hukuncin kisa, abokansa suka shirya masa hanyar gudu daga kurkuku, ya ƙi, ya sha gubar.

Malamanmu na Musulunci sun yi wannan magana da harshen da ya fi kusa da mu. Imam Gazali, a littafinsa Kimiya'us Sa'ada, ya kamanta jikin mutum da gari: zuciya ce sarki, hankali waziri, sha'awa mai karɓar haraji, fushi kuwa sarkin dogarai. Gari ba ya zama sai da su duka. Amma in mai karɓar haraji ya fi ƙarfin waziri, ya sa dogarai a aljihunsa, to, sarki ya zama hoto, garin kuwa kufai ne ko da ganuwarsa na tsaye. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin azzalumin mai tara haraji ba ya bukatar sharhi.

Labarin Gazali kansa ya fi misalin nasa ƙarfi, shi ya sa za mu ɗan dakata a kai. An haife shi a Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda ba ta da ta biyu a zamanin, ɗalibai wajen 300 suna ɗaukar karatu a gabansa, sarakuna suna neman shawararsa. Bai saci kuɗin kowa ba, bai tauye haƙƙin kowa ba, ba mai zarginsa da kome. Amma ya ba da labari da kansa cewa ya zauna ya binciki niyyarsa, ya iske neman suna da matsayi ne ke tura shi. Wannan aibi ne da babu idon da zai gani. Da ya so da ya mutu da shi ana ta yabonsa. Ya yi wata shida yana ja-in-ja da ransa, har a 1095 harshensa ya ƙulle, ya kasa ba da karatu, abinci ma ya ƙi shiga, likitoci suka ce ciwon a zuciya ya ke. Ya bar kujera, ya rabar da dukiyarsa sai abin da iyali za su ci, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus da Makka. Bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106, a Naisabur, ya rasu a 1111. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, wanda har gobe a ke karantawa a zaurukan malamanmu. A ƙasarmu ma an yi mai kama da wannan: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wajen 1807, ana tsakiyar samun nasara, ya ga son duniya ya shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a, ya bar runduna ya nufi gabas, sai da mutanen Kano suka tsai da shi.

Me ya hana Gazali barci, alhali ba mai ganinsa? Shi yana ganin kansa. Nan ne layar zana ta ke da ɓaraka: tana ɓoye mutum ga kowa, ban da wanda ya ɗaura ta. Kada a ce sai waliyyai ke jin wannan. A 2019 wasu masana suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a birane 355 na ƙasashe 40. Sun kai alabe fiye da 17,000 wurare irin su banki da gidan waya da masauki, su miƙa wa ma'aikaci su ce tsintarsa suka yi a hanya, ga adireshin mai shi a ciki, su yi tafiyarsu. Wani alaben ba kuɗi, wani da 'yan kuɗi. Kowa zai zaci mai kuɗin ne zai fi ɓacewa. Sai aka ga akasi: cikin 100, an nemi masu alabe 40 in babu kuɗi, 51 in da kuɗi. A ƙasashe uku da aka ƙara kuɗin da yawa, abin ya kai 72. Masu binciken sun ce babban dalili shi ne mutum ba ya so ya dubi kansa ya ga ɓarawo, yawan kuɗin kuwa shi ke sa abin ya yi kama da sata. Ashe Gulokon bai gama sanin mutane ba. Amma kada mu yi saurin murna, gama wajen rabin masu alaben ba a neme su ba.

Akwai kuma wanda zai ce mana, "Ai na san azzalumai masu barci har da minshari." Gaskiya ne, mu ma mun san su. Ciwon kuturta ya kan kashe jin zafi a yatsu, mai shi ya dafa tukunya a kan wuta bai ji kome ba. Ba wanda zai ce ya fi mu sa'a don ba ya jin ƙuna. Wanda ya yi ha'inci na fari ya kan kwana yana juyi. Na goma, ya yi tsaki ya wuce. Na ɗari, ya yi dariyar wanda bai yi ba. Abin da ya rasa a tsakanin nan bai san ya rasa ba.

Hausa tana da kalmomi biyu da mu kan cakuɗa, jin daɗi da kwanciyar rai. Jin daɗi na maƙogwaro ne da aljihu, ana sayensa, ana kuma satarsa. Kwanciyar rai kuwa, wadda malamai ke kira sa'ada, ba ta da rumfa a kasuwa. Aristo, almajirin Aflatun, ya ce in kana so ka san alherin abu ka tambayi aikin da aka yi shi dominsa. Alherin wuƙa kaifi, alherin doki gudu; alherin mutum kuwa ya yi rayuwarsa duka bisa hankali da hali na gari, ba na yini ɗaya ba. Ya ce kuma hali da yi a ke samunsa, kamar yadda magini ke zama magini da gini. Idan haka ne, abokin nan mai mota ya sami takarda, amma abin da takardar ke shaida ba ya cikinsa. Kullum aka kawo masa lissafi a ofis sai ya nemi wanda zai ɓoya a bayansa. In kuwa aikin jinya aka ba shi, ko gina gada, ko koyar da 'ya'yanmu, to, bashin da ya ci a ɗakin jarrabawa waɗansu ne za su biya, da lafiyarsu ko da ransu.

Sai dai akwai abu guda da Aristo ya yarda da shi wanda masu wa'azi su kan tsallake, mu kuwa ba za mu tsallake ba. Ya ce hali na gari shi kaɗai ba ya cika sa'ada. Mutum yana bukatar lafiya, da abokai, da abin rufin asiri, kuma wanda ya ce mutumin kirki yana cikin ni'ima alhali ana gana masa azaba, maganar banza ya ke yi. Don haka ba za mu ce wa yaron nan wansa yana jin daɗi a kan babur cikin rana da ƙura ba. An cuce shi. Yana da abin da abokinsa ba shi da shi, zai iya duban ɗansa ido da ido ya ce masa kada ka yi, amma wannan bai goge cutar ba. Wa ya cuce shi kuwa? Ba abokinsa ba, shi ma yaro ne a lokacin. Wanda ya shigo da amsa ɗaki babba ne. Wanda ya kau da kai babba ne. Uban da ya ba da kuɗin, da hedimastan da ke so a ce makarantarsa ta fi kowace cin jarrabawa, da jami'in ilmin da ya ga sakamakon da hankali ba zai ɗauka ba ya sa hannu ya aika gaba, duk manya ne. Mu ne muka shirya ɗakin da mai gaskiya zai fito da hasara, sa'an nan muka dawo muna yi wa ƙanensa karin magana.

In hali da yi a ke samunsa, makaranta ba ta da hanyar koyar da amana sai ta ba yara amana su riƙe. Mun shawarci malaman makarantar nan su riƙa ba da ƙananan gwaje-gwaje na mako ba mai tsaro, waɗanda ba a sa sakamakonsu a rahoto, a gaya wa yara a fili cewa ba mai duba su, amfanin abin su san inda suka tsaya. Mun ce a bar wa yara kuɗin kantin makaranta da littafinsa su riƙa juyawa a tsakaninsu. Za a yi hasara da fari, lalle. Wani malami ya ce mana wannan ai sakin kura ne a garke. Muka ce masa ran da suka bar makaranta ai za a sake su, gara su fara a inda hasarar ba ta wuce kuɗin sabulu ba.

Da yamma, muna shirin shiga mota, sai aka biyo mu da rajistar makaranta mu sa hannu. A bisa wannan lissafi ne a ke aiko da kuɗin abincin yara. Da safe mun bi aji aji mun ƙirga kawuna da kanmu, mun rubuta a ɗan littafinmu na aljihu, abin da ke cikin rajista kuwa ya ɗara namu da 'yan kai. Hedimasta ya matso ya rage murya, ya ce, "Yallaɓai, waɗansu sun je gida jinya ne, za su dawo. Kuɗin kuwa ka san ba ya isa, da wannan ɗan ƙarin mu ke cike gurbin hatsi." Watakila gaskiya ya faɗa. Mun ga tukunyarsu da rana, ba abin a zo a gani ba ne. Magariba ta kawo jiki, hanya ba kyau, direba ya ta da mota. Ba wanda zai zo daga hedkwata ya sake ƙirga yaran nan. Mun zare alƙalami har mun cire murfi.

Sai muka ɗaga kai muka ga wanda aka aiko da rajistar. Yaron nan ne na bencin baya, yana riƙe da ita a buɗe da hannu biyu, kansa a sunkuye. Muka mai da murfin alƙalami. Muka ce wa direba ya kashe mota, a kawo fitila, a buga ƙararrawa yara su fito fili aji aji, a kuma kawo sunayen waɗanda aka ce suna jinya. Sai bayan lisha muka gama. Muka rubuta adadin da muka samu, a ƙarƙashinsa muka rubuta cewa kuɗin abinci ba ya isar yaran da ke nan, muna roƙon a duba, muka sa hannu. Yaron ya rufe rajista, ya rusuna, ya ce, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe." A hanya direba ya yi ta mita a kan ramuka da dare, mu kuwa muna ta juya abu guda a rai: da wani yaron aka aiko, ko da hedimasta da kansa ya riƙe mana rajistar, shin da murfin nan ya koma?